Wa Ya Karya Motar Alhaji Sagir

A duk faɗin kudancin Kano, daga Bebeji har ƙarshen Doguwa, ba a taɓa yin hanyar da za ta iya durƙusar da motar Alhaji Sagir ba, ba a kuma sa ran za a yi ta nan gaba. Alhaji Sagir da kansa ya tabbatar da haka a tashar Badafi, ranar da ya dawo da a-kori-kurarsa daga Tudun Wada, bayan an cire mata sifirin na kamfani an sa mata na kasuwa. Ya ce mutanen da suka ƙera motar ba su taɓa ganin buhun masara ba, shi ya sa suka ɗora bayanta a kan waɗansu faifayen ƙarfe sirara. Shi kuwa ya sa masu kauri, ya ƙara wasu a kai, har bayan motar ya ɗaga sama kamar mai roron gyaɗa. Daga ranar lodin mota biyu yake ɗauka shi kaɗai, sauran direbobi suna zaune a benci suna yi masa fatan alheri da haƙora a cije.

Ana tsakiyar kakar masara motar ta durƙusa. A hanyar Doguwa ne, da hantsi, a kan wani ɗan kwalbati da ko jaki ba ya rage tafiya saboda shi. Gefen hagu ya zauna a kan taya, motar ta karkace, ta zazzage masarar wani ɗan kasuwa a cikin kwata mai ruwa. Ba wanda ya ji ciwo. To, tunda an riga an san hanya ba za ta iya ba, sai ya rage hannun mutum. Kafin azahar Badafi ta gama bincikenta, ta tsaya a kan Kamilu.

Kamilu direba ne mai wata tsohuwar a-kori-kura da sai an tura take tashi. Shi ya fi kowa rasa lodi tun da Sagir ya ɗaga motarsa, kuma shi kaɗai aka ji ya ce "za mu gani" a bainar jama'a, alhali sauran a zuci suke faɗa. Ciyaman na tasha, Malam Sha'aibu, ya dakatar da shi daga layi har zuwa zaman da za a yi ranar Juma'a. In laifin ya tabbata, a kore shi daga tashar gaba ɗaya, a miƙa shi ga 'yan sanda. Kamilu kuwa ba shi da gona mai sunan gona. Daga wannan motar gidansa ke cin tuwo.

Don kada a ce an yi zalunci, ciyaman ya sa aka kira Shitu mai bin sawu.

Shitu ya yi suna wajen bin sawun shanun sata. Ya taɓa bin wani sa daga bayan Tiga har mahautar Kiru, ya iske shi an riga an feɗe, ya kuma gane shi ta kofato. Shi da Sagir sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki. Daga nan hanya ta rabu: Sagir ya je Makka, ya yi gidan bulo, Shitu yana nan da babur ɗin da hayaƙinsa ke riga shi isa gari. Da labarin motar ya iso masa ya yi salati kamar yadda ya kamata, sannan ya ce wa maiɗakinsa ta ƙaro tuwo.

*

Ya iske Sagir a bakin kwalbatin, a gindin bishiya, cikin shadda mai ƙamshin turare. Sagir ya ce ba sai an wahala ba, notin da ke riƙe da sifirin aka kwance masa. Shitu ya ari sufana ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ko motsi ba su yi ba. Ya koma baya ya bi sawun tayoyin: a miƙe suka zo, ba kauce-kauce, ba dutsen da aka gindaya, ba ƙusa. Babban faifan hagu ne ya karye gida biyu, rabi yana maƙale a jikin motar, rabi ya ɓace.

"Ka gani ko?" in ji Sagir. "Wanda ya yi aikin ya zo ya ɗauke shaida. Shitu, kai ka san ni tun muna yara. Me na tare wa mutane? Arziki ne kawai ba a so a ga mutum da shi."

"Haka ne, Alhaji," in ji Shitu. "Mutane ba su da kyau."

Ba wanda ya ɗauke shaida. Ƙarfen ya yi tsalle ne ya ja layi a cikin ciyawa, Shitu ya bi layin ya tsince shi a cikin taɓo, ya yi baƙi da laka da tsohon mai. Ya jefa shi a buhu ya ɗaure a bayan babur.

A hanya ya yi ta addu'ar Allah ya sa ƙarfen jabu ne. Ba don Kamilu kaɗai ba. In jabu ne, to an damfari Alhaji Sagir kamar baƙauye, kuma Shitu ne zai sanar da tasha.

*

Lukman, wanda ya sayar da sifirin ɗin, yana da shago a Tudun Wada, cike da kwalaye masu sunayen ƙasashen da daga shi har kayan ba wanda ya taɓa zuwa can. Bai bari Shitu ya gama sallama ba ya fara kare kansa. Ya ce abin da ke karya sifirin yana da yawa: lodin da ya wuce hankali, gargadar hanya, notin da bakanike ya ɗaure da rabin zuciya, ko a ɗaga mota a bar mata gajeren shokazoba, abin rage mata girgiza. Duk waɗannan, in ji shi, Alhaji Sagir ya haɗa su. Ƙarfen jabu ne kawai ba ya cikin lissafi, domin shi bai taɓa sayar da shi ba, maƙwabcinsa ne ke yi. Ya ƙara da cewa shi fa da ya sayar da kayan har yau a ƙafa yake zuwa shago, wanda ya saya kuwa ana cewa zai ƙara mota ta biyu.

Don ya nuna ingancin hajarsa, ya zuba fetur a tsumma ya shiga goge guntun ƙarfen. Can sai hannunsa ya tsaya.

A saman faifan, ta inda ido ba ya kaiwa in yana jikin mota, an liƙa wani ɗan bututun ƙarfe kamar yatsa, an toshe bakinsa biyu, an yi masa walda. Daidai gefen waldar ƙarfen ya tsage, wurin ya yi shuɗi-shuɗi.

"Malam Shitu, wannan ba aikina ba ne," in ji Lukman. "Ƙarfen sifirin ba ya shiri da wuta. In aka ƙona shi ya daina lanƙwasa ke nan, sai dai ya jira ranarsa."

Ya girgiza shi a kunne. Akwai wani abu mai laushi a cikin bututun. Ya ajiye da sauri, ya nemi tsari, ya goge hannu a riga. Shitu ya roƙe shi ya riƙe maganar, Lukman ya yi alkawari. Kafin babur ɗin ya isa Badafi, ko yara sun san Kamilu ya yi wa motar Alhaji sammu.

*

A wata garka da ke bayan gidansa Sagir ke ajiye motar, an kewaye ta da katangar kwano. In babbar ƙofarta tana rufe, sai an ratsa cikin gida ake shiga, don haka Shitu ya ratsa. Ya ga tayil, ya ga famfo, ya ga faifan sola a kan rufi, duk bai ga dalilinsu ba. A tsakar gida ya durƙusa ya gaida Goggo Zuwaira, mahaifiyar Sagir, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, sandarta a jingine da bango.

Sagir ɗanta ne na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa miƙa masa abu hannu da hannu ba. In dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Yau ma haka ta yi. Ta tambayi iyalin Shitu ɗaya bayan ɗaya, ta jajanta masarar bawan Allah da ta jiƙe. Direban kuwa ba ta tambayi lafiyarsa ba.

Garkar ta yi wa Shitu karamci. Ruwan ƙarshe na bana ya sauka ne lokacin da Sagir ya tafi ɗaurin aure Kano ya bar motar a gida, ƙasar wurin kuma yumɓu ce. Duk wanda ya taka a lokacin, rana ta gasa sawunsa kamar tukunya. A gindin kwanon, ta gefen lungu, ga inda mutum ya diro. Silifa ce mai cinyayyiyar dunduniyar hagu, irin ta wanda ya shekara yana taka kuloci. Sawun ya je har inda motar ke tsayawa, a nan kuma ga shatin bayan mutum a kwance.

Shitu ya tsaya yana kallo, ransa a ɓace. In Kamilu ne, to Sagir ya yi gaskiya. Shitu bai taɓa ɗaukar aiki don ya tabbatar da gaskiyar Sagir ba.

*

Kamilu yana ƙofar gida yana wanke motar da ba inda za ta je. Bai yi musu ba.

"Na shiga," ya ce. "Na kwanta a ƙarƙashinta da karan dawa ina auna faifayen, ko zan iya haɗa irinsu da tsofaffin ƙarafa. Na auna, na fito, na zauna na yi ta jin haushi. In jin haushi laifi ne, Malam Shitu, a kama tasha gaba ɗaya, a fara da ciyaman."

Shitu ya tambaye shi walda. Kamilu ya nuna masa ƙofar motarsa da aka ɗaure da igiya, ya ce da yana da halin kiran mai walda da nan zai fara kai shi. Ya ce ko katangar ma sai da ta yaga masa wando, don babbar ƙofar garkar ta ciki ake saka mata sakata. Sannan muryarsa ta sauka. Ya ce tun da aka dakatar da shi maƙwabta ke aiko wa yaransa abinci, yau kuma da maganar sammu ta fito, ko kwano ɗaya bai shigo ba.

Maganar sakatar ce ta bi Shitu har bakin lungu. Ya ga sawun baro a garkar ɗazu, ya ɗauka na ɗiban ruwan gida ne. Amma gidan da ke da famfo me zai yi da baron ruwa?

Ya koma. Baron ta babbar ƙofa ya shigo, ya nutse ƙwarai, da kaya mai nauyi a kai, kuma tayarsa tana da faci da ke barin tabo a kowane juyi. Kafin ya shigo, wani ya fito daga cikin gida ya zare sakatar. Ƙafa ce ƙarama, ba takalmi, gajeren taku, kuma a gefen dama na kowane taku akwai ɗan rami zagayayye. Mai ƙafar ya raka baron har wajen tayar baya ta hagu, ya tsaya a nan har dugadugansa suka nutse. Shitu ya tona ƙasar wurin da yatsa, ya tsinci ƙananan ƙwallayen ƙarfe irin waɗanda wutar walda ke zubarwa.

Baron bai ba shi wahala ba. Mudi mai walda ne kaɗai a Badafi ke yawo da janareta a baro, kuma facin yana nan a tayar. Mudi ya yi gumi, ya ce shi an rantsar da shi, ba zai kama suna ba ko za a yanka shi. Abin da kawai ya iya faɗa shi ne ya ba da shawarar a ɗaura abin da waya, aka ce masa waya tana kwancewa, a sa shi inda ba zai taɓa faɗuwa ba, inda kuma mai motar ba zai taɓa gani ba.

Shitu ya tafi gida cikin nishaɗi. Har ya tsara yadda zai faɗe ta a tasha, a tsaye, da ƙarfi, yana kallon shaddar Sagir.

*

Bayan an sauko daga Juma'a aka taru a rumfar tasha. Ciyaman a kujera, Sagir a kujerar da ta fi ta ciyaman, Kamilu da Lukman da Mudi a benci guda, jama'a a tsaye har bakin titi. Shitu ya ajiye guntun ƙarfen a tsakiya, mutane suka ja da baya.

Ya fara da Lukman, ya ce ƙarfensa ba na kirki ba ne, amma ba shi ya jawo wannan ba. Ya ce Kamilu ya haura katanga, ya kwanta a ƙarƙashin motar. Rumfar ta ɗauki guna-guni. Ya ce Mudi ne ya yi waldar, kuma waldar ce ta karya sifirin. Ciyaman ya tambayi Mudi wa ya sa shi, Mudi ya sunkuyar da kai ya ce ya yi rantsuwa. Jama'a suka amsa masa da sunan Kamilu. Sagir ya miƙe ya ce a kira 'yan sanda, ya ce wanda ya binne masa asiri a mota ransa yake nema, ba lodi ba. Wani ya riga ya cafki wuyan rigar Kamilu.

Limamin tasha ya sa aka fasa bututun da guduma. Laya ce, zafin walda ya ƙona gefenta. Ya warware, ya duba, ya ce wannan ba ta cutarwa ba ce, addu'o'in tsari ne daga hassada da bakin mutane. Wani daga baya ya ce ai makirci ke nan, don a ɓatar da sawu.

Lokacin Shitu ya yi. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai fara. Ya ga abin da zai sanar ba abin da ya tsara ba ne. Zai gaya wa tasha ne cewa akwai tsohuwar da ta ji cika-bakin ɗanta ya cika gari, ta ji yadda ake amsa masa, tsoro ya kama ta, ga shi ba ta da bakin ce masa ya yi a hankali, ba ta da hannun miƙa masa laya, sai ta taka taɓo da sanda ta tsaya a kan mai walda har ya gama. Shitu tun bai yi wayo ba tasa uwar ta rasu. Ba wanda ya taɓa lalata masa komai don tsoron kada a cuce shi. Ashe ko a nan ma Sagir ya fi shi.

"Ranka ya daɗe," Shitu ya ce wa ciyaman, "Kamilu ta katanga ya shiga, da karan dawa. Mai walda ta ƙofa ya shiga, kuma daga cikin gida aka buɗe masa. Wanda ya buɗe, sawunsa uku ne: ƙafa biyu da sanda. Daga ɗaki ya fito, ɗaki ya koma. Ni iyakar inda nake bin sawu ke nan, ba na shiga ɗakin manya."

Kowa ya san sanda nawa ce a gidan Alhaji Sagir, ba kuma wanda ya yi rashin kunyar faɗa. Hannun da ke wuyan rigar Kamilu ya sauka a hankali, har ya ɗan gyara masa ita. Sagir ya koma ya zauna, yana kallon layar a hannun liman. Shitu ya zuba masa ido, yana jiran ya ga abin da ya yi shekaru yana jira.

Sagir ya yi gyaran murya.

"To, jama'a kun dai ji da kunnenku," ya ce. "Wuta aka sa mata. Hanya ba ta iya ba."

Aka yi ta gyaɗa kai, aka ce wannan gaskiya ne. Ciyaman ya yanke hukunci cewa ƙaddara ce, ba mai laifi, Kamilu ya koma layi gobe, daga baya, tunda ya haura katangar mutane. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai tsaya nema ba, ya tafi neman masu tura masa mota. Da mai masara ya tambayi wa zai biya shi, Sagir ya ce ai an gaya masa ƙaddara ce, ko yana jayayya da ita?

*

Ranar kasuwar Tudun Wada da sassafe aka aiko Goggo Zuwaira tana kiran Shitu. Ba a tsakar gida ya same ta ba, a bayan gari, wajen turken da ake ɗaure mata dabbobi. Tana riƙe da igiyar wata jar saniya mai ƙiba, wadda ta ce tun tana maraƙa take kiwonta.

Ta ce tunda ya san shanu, ya kai ta kasuwa kada a cuce ta. In an sayar, ya sallami mai masara, ya sayi sabon ƙarfen a wajen yaron nan na Tudun Wada, abin da ya rage ya auni hatsi ya kai gidan Kamilu, ya ce daga tasha ne. Shitu ya ce, Goggo, ai Alhaji yana da halin yin duk wannan.

"Wancan?" ta ce, tana kallon wani wuri. "Shi magana kawai ya iya. Kada ka gaya masa."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro wata sabuwar laya, da 'yar tsirkiyar fata a naɗe, ta sa masa a tafin hannu. Ta ce wannan karon ba wuta, a ɗaura a jikin motar kawai, amma ya tsaya a kai ya ga an ɗaure tamau.

Ta miƙa masa igiyar, ta shafa wuyan saniyar sau ɗaya, ta juya ta nufi gida tana dogara sanda.